'Yata na kwance duk abin da ke cin batir a gida, ta yaya zan taimaka mata ta kai ga karatun injiniya?

Umman Yara, Kano

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wajen malaman makaranta da duk wanda ya san hanyar karatun injiniya, mace ko namiji.

Ni tela ce, a cikin gida nake ɗinkina. 'Yata ta biyu shekararta 12, tana aji biyu na ƙaramar sakandare a wata makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo. Tun tana firamare duk abin da ke cin batir a gidanmu ba ya tsira daga hannunta. Tocilar da ta mutu, tsohon rediyon kakanta, fitilar caji, sai ta sami bakin wuƙa ko gindin cokali ta kwance su, ta zauna tana ƙare wa cikinsu kallo. Da zafin bara ta ciro ɗan injin da ke juya faifai daga wata matacciyar DVD, ta yanka gorar ruwa ta yi masa fukafukai, ta naɗe batir biyu da salatif, ta ɗaure min a jikin keken ɗinki. Fanka ce sosai, tana juyawa, iskarta na kaiwa fuskata. Keken ma yanzu idan zare ya fara cukurkuɗewa ta ƙasa, ita ke zare shatil ta kakkaɓe ƙurar yadi, ta ɗiga mai ta mayar. Ba wanda ya koya mata, kallo kawai ta yi ranar da mai gyara ya zo.

Ga inda damuwata take. Kakarta ta wajen uba ba ta son ganin ta da sukudireba ko kaɗan, cewa take wannan aikin maza ne, a bar yarinya ta koyi tuwo. Mahaifinta ba ya hana ta, amma kullum maganarsa ita ce in dai kimiyya za ta yi, to ta yi likita ko nas ko ungozoma, can ake buƙatar mata, can ne kuma miji ba zai yi gardama ba. Ita kuwa ko kaza ake yankawa sai ta bar wurin. A makarantarsu ɗakin gwaje-gwaje a kulle yake, darasin fasaha a allo kawai ake yin sa, a zana musu guduma su kwafa. Sannan tun da aka fara sa musu x da y a lissafi ta fara cewa ba ta ganewa, makinta ya sauka. Ni kuwa iyakata aji uku na sakandare aka yi min aure, in ta kawo littafin sai dai mu kalle shi tare.

Ba na son abin nan da Allah ya sa mata ya mutu a hannuna. Me zan yi mata a gida da ɗan abin da nake samu? Wace makaranta ya kamata mu nufa bayan aji uku? Kuma da gaske akwai matan Arewa da ke cin abinci da aikin injiniya, ko wahala kawai zan jefa ta?

Malamin Fiziks, Zariya

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya ta, ya yi mata albarka. Na daɗe ina koyar da fiziks a babbar sakandare, kuma abin da ya fi tsaya min a rai a bayaninki ba fankar ba ce, x da y ɗin nan ne. A nan muke rasa su. Yarinya mai hannu irin taki takan iso ƙarshen aji uku da raunin lissafi, a duba sakamakonta a tura ta ajin adabi ko na kasuwanci, shi ke nan ƙofa ta rufe tun tana shekara 14, ba ta ma san an rufe ba. Wanda zai nemi injiniya a jami'a, darussa huɗu zai zauna a JAMB: Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri. A WAEC ko NECO ma sai da kiredit biyar, waɗannan huɗun na ciki. Wadda ba ta shiga ajin kimiyya a SS1 ba, ba ta da fiziks ba ta da kemistiri. Don haka daga yau zuwa jarrabawar aji uku, lissafi ne aikinku na farko.

Kada ki ce ba ki da abin koya mata. Idan za ki yanka siket mai cikakken zagaye, ai awon ƙugu kike rabawa da shida da ɗan ɗoriya ki sami inda za ki ɗora tef daga kusurwar yadi. Wannan shida da ɗoriyar 6.28 ce, wato pi sau biyu, abin da suke haddacewa a aji ba su san amfaninsa ba. Ƙugu inci 30, a raba da 6.28, ya ba da kusan inci 4.8. Ki ba ta tef da alli, ki ce ga ƙugun mai kaya, nemo min inda zan yanka. Abin da ba ku sani ba kuke nema, shi ne x. Ki bar ta ta riƙa yi miki lissafin yadi: zani da riga da ɗankwali na mutum uku, yadi nawa za a sayo, nawa zai rage. Yaron da ya ga lissafi yana hana a ɓata yadin mutane ba ya sake tambayar amfaninsa.

Duk da haka tana buƙatar wanda zai zauna da ita kan littafi. Ki nemi wata yarinya a unguwa da ke SS2 ko SS3 a ajin kimiyya, ko ɗalibar kwalejin ilimi, ko da ɗinkin sallah za ki biya ta. Ku sayi littafin tsofaffin tambayoyin jarrabawar aji uku, ta riƙa yi da hannunta, ba karantawa ba. Sannan ki ware mata lokaci. Na sha ganin ɗalibai mata masu ƙwaƙwalwa suna gyangyaɗi a aji, in ka bincika daga makaranta sai Islamiyya, daga Islamiyya sai wanke-wanke da rainon ƙanne har dare, yayyensu maza na can wajen ƙwallo. Awa ɗaya a rana da ba mai kiran sunanta ya ishe ta, in an raba aikin gida da mazan.

Maganar makaranta, ku 'yan Kano kuna da gata. Tun 1977 jihar ta buɗe makarantun kimiyya na musamman a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, na maza, daga baya aka yi ta mata a Taura, wadda yanzu take Jigawa. Hukumar makarantun kimiyya da fasaha ta jihar na da na 'yan mata, ciki har da ta Garko, kuma da jarrabawa ake shiga, 'yan aji uku ke zaunawa. Ki je da kanki wajen shugabar makarantarsu tun farkon aji uku ki ce kina so a sa sunan 'yarki, kada ki jira sanarwa ta iso ta bakin yara. Akwai kuma kwalejojin 'yan mata na gwamnatin tarayya a Minjibir da Kazaure. In kin je, ki tambaya ko makarantarsu na cikin shirin AGILE na Bankin Duniya. Kano na cikin jihohi bakwai da aka fara da su a 2020, kuma koyar da 'yan mata kwamfuta na cikin abin da shirin ya ƙunsa.

Ɗakin gwaji a kulle, amma madafinki a buɗe yake. Ki jiƙa zoɓo ki tace, a zuba a kofunan gilashi. A matsa lemon tsami a ɗaya, jan zai ƙara haske. A zuba ruwan kanwa a wani, zai yi duhu ya koma kore-kore. Sai ta matsa lemo a cikin mai kanwar, za ta ga yana kumfa yana komawa ja. Ta gwada ruwan toka, ruwan tsamiya, ruwan sabulu, ta rubuta launin kowanne a littafi. Babin asid da alkali ke nan na kemistirin SS1, kuma shi kuke yi duk ranar da kuka jefa kanwa a miyar yakuwa don kashe tsami.

Ta gwada tukunya cikin tukunya ma. Ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke bushewa ta jikin babbar shi ke tafiya da zafin. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin fasaha ta Jigawa da ke Dutse, shi ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka har ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Yalon da ke lalacewa a kwana uku ya kai kwana 27 a ciki, kuma cikin amfanin da aka lissafa har da 'yan matan da suka sami sararin zuwa makaranta don ba dole a fita talla kullum kafin kaya su ruɓe. Ta sa tumatir a ciki, ta ajiye wani a waje, ta riƙa dubawa tana rubutawa, da rani sannan da damina. Ki tambaye ta me ya sa ta fi sanyi da rani, kada ki yarda kowa ya gaya mata amsar.

Baba Mai Shago, Katsina

Ni dattijo ne, 'ya'yana mata duk sun yi makaranta, ɗaya ma ungozoma ce, don haka ba ƙin boko zai sa in yi magana ba. Amma 'yata, kada ki yi watsi da maganar maigidanki. Duk wanda ya taɓa kai matarsa asibiti da tsakar dare ya tarar ba mace ko ɗaya da za ta duba ta, ya san abin da mutumin nan ke faɗa. Wannan buƙata ce da ke gabanmu kullum.

Injiniya kuwa, ina ganin samarin da suka gama shi suna zaune ba aiki, wasu na tuƙa adaidaita. In namiji bai samu ba, ina ga mace? In ma ta samu, aikin a daji ne ko kan gini ko masana'anta, cikin maza zalla, wani lokaci a kwana can. Wane uba ne hankalinsa zai kwanta? Kuma shekara biyar ne a jami'a, ban da yajin aiki. Yarinyar da ta gama sakandare da shekara 18, masu nema na zuwa, za a ce su jira har yaushe? Ba cewa nake a ƙwace mata sukudireba ba, a bar ta ta yi wasanta. Amma wasan yara daban, abin da za a ɗora rayuwa a kai daban. Ina so wadda ta bi hanyar ta ba ni amsa, ba mu maza mu yi ta faɗa ba.

Injiniyar Lantarki, Kaduna

Baba, barka da warhaka. Ga ni, na bi hanyar. Lantarki na karanta a wata jami'a a nan Arewa, ina da aure da yara, kuma aikin sola nake yi, shi ke ciyar da ni.

Tambayoyinka na gaskiya ne, mahaifina ma ya yi su. Bari in fara da asibiti, tunda can ka fara. Ungozomar nan taka, in wuta ta ɗauke tana tsakiyar karɓar haihuwa, da tocilar waya take ƙarasawa. Firijin allurar rigakafi in ya tsaya, allurar ta lalace. Na'urar da ke tace iskar numfashi, da kwalbar jarirai bakwaini, duk wuta suke ci, duk kuma suna lalacewa, kuma sau da yawa abin da ya kashe su bai wuce fis ko kapasita ba, amma a jingine su a lungu don ba mai buɗewa. Rabin aikin da na fi alfahari da shi a ƙananan asibitocin karkara na yi shi. Yarinyar da ba ta iya kallon jini tana iya ceton mai naƙuda ta wannan hanyar. Yaya Umman Yara, ki gaya wa mahaifinta haka, akwai ma fannin injiniyan kayan asibiti sukutum.

Maganar cuɗanya da maza, akwai abin da ba a cika lura da shi ba. Gidajen da aka rubuta ba shiga a ƙofa su ma suna son wuta. Sau da yawa maigida ni yake nema musamman, don zan shiga har ɗakin matarsa in ja waya, in nuna mata yadda za ta karanta inbata, abin da za ta kunna da rana da wanda za ta bari, ba sai an jira ya dawo daga kasuwa ba. Makarantun kwana na mata ma haka. Hawa rufi kuwa ina da yaran da ke yi, ni lissafin nauyin wuta da girman batir da kaurin waya nake yi, in duba aikin in sa hannu. Ba kowane injiniya ke kwana a daji ba. Akwai masu zane a ofis, masu koyarwa, masu aikin ruwa, masu sadarwa, masu manhajar kwamfuta daga ɗakinsu.

Rashin aiki gaskiya ne, amma ka lura da waɗanda ke zaune, Baba. Mafi yawansu takarda suka fito da ita, hannunsu bai taɓa kama wayar wuta ba. Yarinyar nan ta riga ta mallaki abin da su ba su da shi. Kuma ba jami'a kaɗai ba ce hanya. Kwalejin fasaha shekara biyu ce ta fito da difloma, ta yi shekarar koyon aiki, in ta so ta koma babbar difloma ko ta tsallaka jami'a kai tsaye.

Aure kuma bai rufe karatu. Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero, masaniyar fiziks ɗin sararin sama, bayan sakandare aure ta yi, sai da ta haifi 'ya'ya sannan ta shiga jami'a. A 2015 ta karɓi lambar yabo ta Gidauniyar Elsevier ta mata masana kimiyya, a shekarar kuma BBC ta sa ta cikin mata 100 na duniya. Ba a Landan take ba, a Kano take, garinku, Yaya. Injiniya Hauwa Sadique ta shugabanci ƙungiyar mata injiniyoyi ta ƙasa, APWEN, ita ce ta farko daga Arewa. A 2024 kuma ƙungiyar injiniyoyi ta Najeriya gaba ɗaya ta sami shugaba mace a karon farko, Margaret Oguntala. Abin da nake roƙo shi ne a yi maganar karatu a fili da duk wanda ya zo nema, a gaban waliyyai, kafin a sa rana. Ƙawayena da suka bar karatu a tsakiya, yawancinsu alƙawarin baki aka yi musu a zaure.

Yanzu ke, Yaya. Akwai wani abu da ke kashe 'yan mata a ajin kimiyya wanda ba ya fitowa a sakamakon jarrabawa. In an raba ɗalibai rukuni-rukuni don gwaji, kayan ba su da yawa, sai maza su kama mitar awo da wayar wuta, a miƙa wa mace biro a ce rubutunki ya fi kyau, rubuta mana. Ta gama shekara uku tana rubuta abin da wasu suka auna. Haka aka so yi min har a jami'a. Ki gaya mata tun yanzu, da ladabi amma ba ja da baya: zan rubuta, amma sai na haɗa da hannuna tukuna. Wannan ma na cikin dalilan da suka sa na goyi bayan Malam kan makarantar kimiyya ta mata zalla, can ba wanda zai karɓe mata.

Wani ƙaramin abu mai muhimmanci: hijabi da injin da ke juyawa. Ba cire shi ake yi ba. Ƙarami ake sawa, a cusa shi cikin rigar aiki, a ɗaure hannun riga. Tunda ke tela ce, ki ɗinka mata rigar aiki mai aljihu da ɗan hijabin da ba ya lilo. Za ki ga yadda za ta ɗauki kanta ranar da ta sa.

Ita kuma Hajiya Kaka, kada ki yi jayayya da ita. Ki bari ranar da tocilarta ko rediyonta ya mutu, a ce jikarta ta duba. Ta kuma koyi tuwon, ba abin da zai rage mata. Tsofaffinmu in sun ga amfanin abu a ɗakinsu, su ke fara ba da labarinsa a gidan biki.

Umman Yara, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na ji maganarka, kuma zan karanta wa mahaifinta duka, taka da ta Injiniya, ya auna da kansa. Malam, yau na ba ta tef ta fitar min da awon siket, ta ce ashe wannan ne pi ɗin. Akwai 'yar maƙwabtanmu da ke kwalejin ilimi, zan je wajen mahaifiyarta. Abin da ya rage min shi ne tsoro. Jiya na same ta tana leƙen bayan soket ɗin ɗaki. Waɗanne kaya zan saya mata, kuma me zan hana ta taɓawa?

Ɗan Maraɗi

Hajiya, gaisuwa daga Nijar. Mu nan ma haka abin yake. Bayan BEPC, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, in ɗiya ta shiga lise, wato babbar sakandare, ana raba su sashe-sashe: seri C ita ce ta lissafi da fiziks, seri D ta fi karkata ga ilimin halittu, kuma 'yan matan da sunka kai can mafi yawa D ake tura su don a ce likita. Ajin C sai ka ƙirga matan da ke ciki da yatsun hannu. Alhali makarantar injiniyoyi ta EMIG da ke Yamai da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maraɗi ba su hana mata shiga ba.

Ina so ki nuna wa ɗiyarki hotunan garin Dandaji, cikin jihar Tawa, ƙauyen Hausawa ne. Wata 'yar Nijar, Mariam Issoufou Kamara, kwamfuta ta fara karantawa a Amurka, ta yi shekaru tana aikinta, sannan ta koma ta karanci zanen gine-gine. Ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sunka zana sabon masallacin Juma'a na garin, sunka gyara tsohon masallacin ƙasa ya zama ɗakin karatu, an gama a 2018. Da tubalin jar ƙasa da ake matsewa da inji anka gina shi, da magina na yankin, kuma ginin na riƙe sanyi ba tare da na'ura ba. Ta zana kasuwar garin ma. In wani ya ce miki aikin nan bai dace da ɗiya musulma ba, ki ce mishi akwai garin da maza ke sallar Juma'a a masallacin da mata sunka zana.

Mai Gyaran Waya, Farm Centre

Hajiya, tambayarki ta ƙarshe tawa ce, nan ne sana'ata. Doka ta farko, ki kafa ta yau: duk abin da ke shiga bango ba nata ba ne. Wutar gida bolt 230 ce, tana kisa. Soket, cikin caja, sitabilaiza, inbata, janareta, babu. Tsohuwar talabijin mai ƙusumbi ko an cire ta daga wuta tana riƙe caji a ciki, kada ta buɗe. Batirin waya kada ta huda shi, kada ta lanƙwasa, wanda ya kumbura a fitar da shi daga ɗaki, wuta yake kamawa. Iyakarta batirin tocila da mai bolt 9 da ƙaramin farantin sola irin na fitila. Ki faɗa mata dalili, irin waɗannan yaran in an ce kar kawai ba a bayyana ba, sai sun gwada.

Kayan da za ki saya ba su da yawa, a Sabon Gari wajen masu kayan lantarki za ki same su. Saitin ƙananan sukudireba, don ta bar wuƙa. Filaya ƙarama. Multimita, ko mafi araha, wannan ita ce idonta, da ita za ta san batir na da rai ko waya ta katse a ciki. Allon gwaji mai ramuka da ake cusa waya ba sai an liƙa ba, da ƙananan ƙwayayen fitila na LED, da rezista iri-iri masu rage ƙarfin wuta, da makunni. Ki sama mata gwangwani mai murfi ta riƙa tara sukurori, don ƙannenta kada su haɗiye.

Gwajin farko: in ta haɗa jan LED kai tsaye da batir mai bolt 9, nan take zai ƙone. Shi kusan bolt 2 yake so, da wuta amfiya 0.02. A cire 2 daga 9, saura bolt 7, a raba da 0.02, ya ba da 350. To rezista mai om 350 (om shi ne ma'aunin rezista) ko sama da haka kaɗan za ta sa a tsakani, mai 390 ko 470 ya yi. Ki bar ta ta ƙona ɗaya ko biyu, ba tsada, sannan ta yi lissafin ta ga wanda bai ƙone ba. Malam zai gaya miki wannan ita ce dokar Ohm da za su yi a babbar sakandare.

Ƙarfen liƙi da dalma ki dakata sai ta ƙara girma, kuma sai da babba a kusa, a tsakar gida inda iska ke wucewa, ta wanke hannu in ta gama don akwai gubar dalma. A sabuwar manhajar da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 an sa haɗa sola da gyaran waya da kwamfuta cikin sana'o'in da ɗalibai za su zaɓa, ki tambaya ko makarantarsu ta fara. Kafin nan ki sa yayanta ya zagaya wajen masu gyaran rediyo na unguwa ya roƙo matattun allunan da suke zubarwa. Na tsohon rediyo ya fi na waya, kayansa manya ne, tana iya ganin kowanne ta karanta lambar da ke jikinsa ta auna shi da mita.